Fulawa, kek da badujala: yadda Turawan Ingila ke tara kuɗin jinya a bayan gidajensu

Duk wanda ya taɓa zama a Ingila lokacin zafinsu, wato daga Mayu zuwa Satumba, in dai yana ɗan fita wajen gari to ya san allunan nan masu ruwan ɗorawa da ake ɗaurewa jikin falwaya ko shinge, da kibiya tana nuna wani lungu. Ni na fi shekara biyu ina wuce su ina zaton tallan gidan haya ne ko na 'yan siyasa, sai ranar wata Lahadi cikin watan Yuni da muka bi kibiyar ni da wani dattijo ɗan Kano da muke Juma'a tare, muka tsinci kanmu a ƙofar gidan wasu tsofaffi mata da miji a wani ƙauye, an kafa tebur a bakin get, wata tsohuwa na zaune da gwangwanin canji da 'yar na'urar karɓar kati, kowa fam 6, yara kyauta. Dattijon nan ya dube ni ya ce, Malam, yanzu fam shida-shida za mu ba su don mu kalli ciyawa? Na ce Alhaji mu dai shiga tunda mun riga mun zo.

Kafin mu yi nisa sai an gyara wata kalma, don in ka ce wa Bahaushe lambu abin da zai zo masa a rai shi ne fadama, da tumatir da albasa da latas da injin ban ruwa. Na Bature ba haka yake ba, filin bayan gida ne da ya ƙawata da furanni da 'yan bishiyoyi da ciyawa da aka aske kamar darduma, wani da ɗan tafkin kifi, wani da ɗan gefen kayan miya, kuma akasari ba don sayarwa ake yi ba, sha'awa ce kawai, kamar yadda wani a wajenmu yake kashe kuɗi a kan tantabaru ko doki. Sai dai su sha'awar ta yi musu yawa har ta zama kamar cuta, mutum zai yi shekara talatin yana fama da fili ɗaya, ya san sunan kowane tsiro da na kakan tsiron.

To abin da ake yi a irin wannan rana shi ne mai gida ya buɗe lambunsa ga duk wanda ya ga dama, yini ɗaya ko biyu a shekara, yawanci daga azahar zuwa wajen ƙarfe biyar, a biya kuɗin shiga, a sha shayi da kek, a sayi dashe, wani lokaci da masu kiɗa a gefe, kuɗin kuma ya tafi ga ƙungiyoyin jinya. Babbar ƙungiyar da ke tsara abin ita ce National Garden Scheme, ita ce mai allunan ɗorawan nan, lambuna wajen 3,500 ne ke buɗewa a ƙarƙashinta duk shekara a Ingila da Wales, daga baya Ireland ta Arewa ma ta shigo. A 'yan shekarun nan abin da take rabawa ya haura fam miliyan 3 a shekara, jimilla kuwa tun farawa ya wuce fam miliyan 70. Daga kallon ciyawa fa.

Asalin abin ma ba daga fulawa ya taso ba, daga rashin lafiya ne. A 1859 wani attajiri a Liverpool mai suna William Rathbone ya ɗauki wata nas, Mary Robinson, ta yi jinyar matarsa a gida, da matar ta rasu sai ya ce to talakawan da ba su da halin ɗaukar nas fa, ya roƙe ta ta ci gaba da zagaya unguwannin marasa galihu shi yana biya. Daga nan aka samu tsarin nas-nas masu bi gida-gida, har aka kafa musu cibiya a 1887 da kuɗin da aka tara na bikin cikar Sarauniya Victoria shekara 50 a kan mulki, cibiyar da daga baya aka sani da Queen's Nursing Institute. Lokacin babu asibitin gwamnati na kyauta, saboda haka albashin waɗannan mata da fanshonsu duk roƙo ne da karo-karo. A 1926 wata 'yar kwamitin cibiyar, Elsie Wagg, ta kawo shawarar a roƙi masu manyan gidaje su buɗe lambunansu a riƙa karɓar sule ɗaya a kan kowane mutum. Sulen dai da kakanninmu suka sani, ashirin ke yin fam guda. Shekarar 1927 lambuna 609 suka buɗe, har da na Sarki George na biyar a Sandringham, aka tara sama da fam 8,000. Ka buga lissafi, in duk daga ƙofa kuɗin ya fito to ana maganar shiga sama da dubu 160 ke nan a shekarar farko.

Me ya kawo wannan tururuwa? Ni dai ban yarda son fulawa ne kaɗai ba. A 1927 da wuya talakan Ingila ya leƙa bayan katangar mai sarauta in ba aiki yake yi a gidan ba, kwatsam sai aka ce da sule ɗaya za ka shiga ka taka ciyawarsa ka ga inda yake shan iska. Son ganin ƙwaƙwaf ne, gulma ce mai lasisi. Shi kuma mai gida yana da nasa ƙaiƙayin, ya kashe dukiya da shekaru a kan abin da ba mai gani sai iyalinsa da gadinansa, yana so a zo a gani a yaba amma al'adarsu ba ta yarda mutum ya fito ya ce ku zo ku ga abin da na mallaka ba. Sai sadaka ta zama mayafi ga kowa, mai leƙe ya ce taimako na zo yi, mai nunawa ya ce don marasa lafiya na buɗe. A ganina wannan ne injin da ke jan motar har yau, Elsie Wagg ta gano halayen mutum biyu da ba sa ƙarewa ta ɗaura musu keken shanu.

Da aka kafa hukumar lafiya ta ƙasa, NHS, a 1948, gwamnati ta karɓi nauyin nas-nas ɗin, kamata ya yi abin ya mutu tunda dalilinsa ya kau, amma bai mutu ba, aka juya kuɗin zuwa tallafa wa tsofaffin nas da suka yi ritaya da kuma horo, aka kuma haɗa hannu da National Trust, ƙungiyar adana gidaje da wuraren tarihi, wajen ceto manyan lambunan tarihi da yaƙi da haraji suka durƙusar. Littafin da ke jera lambunan da ranakun buɗewarsu ya samu bango mai ruwan ɗorawa a 1949, har mutane suka riƙa kiransa da launinsa kawai. A 1980 National Garden Scheme ta fita daga ƙarƙashin cibiyar nas-nas ta tsaya da ƙafarta, a 1984 Macmillan masu kula da masu ciwon daji suka shiga jerin masu amfana, a 1996 Marie Curie, su ma ƙungiyar jinya ce, da ƙungiyar gidajen kula da waɗanda ciwonsu ya kai matakin sai dai addu'a, wadda yanzu ake kira Hospice UK, da masu tallafa wa mutanen da ke jinyar 'yan uwansu a gida, daga baya masu ciwon karkarwa na Parkinson's UK. Scotland kuwa kamar kullum nasu daban, sun kafa tasu tun 1931, kuma a can mai lambu yana da damar zaɓar ƙungiyar da yake so a ba kashi 60 cikin ɗari na abin da ya tara.

Yanzu bari mu koma gidan tsofaffin nan don a nan ne za ka ga yadda kuɗin ke taruwa. Kuɗin ƙofa yana da iyaka, ba za ka ce wa mutum ya biya fam 20 ya ga bayan gidanka ba, galibi abin yana yawo ne tsakanin fam 4 zuwa 8. Saboda haka dabarar ita ce bayan ya shigo a hana shi saurin fita. Mun zagaya lambun cikin minti arba'in, Alhaji yana tafe yana ƙorafin wai ga fili har fili ba a shuka ko masara ba, muna shirin fita sai muka ji ƙarar ƙaho daga wajen wata bishiyar tuffa, ashe 'yan badujalar ƙauyen ne su wajen goma sha biyu, tsofaffi da 'yan makaranta, sanye da jajayen kwat, sun jera kujerun roba. Muka ce bari mu ɗan tsaya. Tsayuwa ta kawo zama, zama ya kawo shayi, shayi ya kawo kek, kuma kujerun an jera su ne daidai inda idonka zai riƙa sauka kan teburin dashe. Wanda ya shigo da niyyar kashe fam 6 sai ga shi ya fita ya bar goma sha biyar ko ashirin yana murna. Aikin kiɗan ke nan, ba a karɓar ko kwabo dominsa amma shi ke riƙe mutane, irin yadda mai shayi a tasha yake kunna rediyo.

Su masu kiɗan akasari ba ƙwararru ba ne kuma ba biyansu ake ba, ko a ba su na mai kawai da shayi. Badujalar ƙauye tsohuwar al'ada ce a can musamman arewacin Ingila, inda ma'aikatan haƙar kwal da na masaƙu suke da nasu rukunin masu busa tun ƙarni na 19, ma'adinan sun rufe amma ƙahonin sun rage. Wani wurin kuma mawaƙan coci ne, ko mutum huɗu masu goge irin nasu, ko wani ɗan saurayi da jita. Su ma riba suke ci, sun samu 'yan kallo. Doka ma ta sauƙaƙa musu, tun dokar kiɗa ta 2012 in dai ba a sa lasifika ba to ba a buƙatar lasisin nishaɗi tsakanin ƙarfe 8 na safe da 11 na dare, shi ya sa za ka ga an fi son ƙaho da goge da murya zalla. In kuwa za a sayar da giya, kamar masu buɗewar yamma da ke haɗawa da ruwan inabi, sai an kai wa ƙaramar hukuma sanarwa ta wucin gadi, kuɗinta fam 21, kuma taron kada ya kai mutum 500. Sannan ga maƙwabta, waɗanda ba doka ce ke sa a lallaɓa su ba, zaman lafiya ne, don motoci ɗari a lungu ɗaya ba wasa ba ne, shi ya sa sau da yawa wani manomi ke ba da aron filinsa a yi fakin.

Kek ɗin kuwa, abin dariya a Hausa da furen da garin alkamar duk fulawa muke cewa, kuma a wannan rana da wuya ka ce wacce fulawar ce ta fi kawo kuɗi. Matan unguwa ne ke toyawa a gidajensu su kawo kyauta, har da 'yar gasa a ɓoye ta wa ya fi iyawa. A wurare da yawa kuɗin shayin ba ya tafiya uwar ƙungiya, ana barinsa ne ga wata buƙata ta ƙauyen, gyaran rufin coci ko zauren taro ko motar asibiti, kuma ana rubutawa ɓaro-ɓaro a jikin tebur. Shawara ga ɗan uwa Musulmi, ka tambaya kafin ka ɗauka, wani kek ɗin mai busassun 'ya'yan itace ana jiƙa shi da giya, za su faɗa maka gaskiya ba tare da jin haushi ba. Littafin nasu ma yana da 'yan alamomi a gaban kowane lambu, ko ana shiga da kare, ko keken guragu zai iya zagayawa, ko akwai dashe na sayarwa.

Teburin dashe shi ne ya fi burge ni don a nan ne ake buga kuɗi daga babu. Yawancin furannin lambun Bature irin masu daɗewa ne, su mutu da sanyi su farfaɗo da ɗumi, kuma duk bayan shekara uku ko huɗu gindinsu yana cunkushewa dole a tone a raba, in ba haka ba tsakiyar ta ruɓe. Wato mai lambu dole ne ya samu rarar tsiro ko yana so ko ba ya so, kamar mai rake ko mai ayaba da 'ya'ya ke fito wa ta gindi. Gindi ɗaya ya ba ka shida ko takwas, ka dasa ɗaya ka zuba sauran a tsofaffin robobi tun watan Maris, wasu kuma yankan reshe ne aka kafe, wasu iri ne ya zuba ya tsiro da kansa. Zuwa Yuni sun yi kyau, a liƙa musu fam 2 ko 3, abin da in ka je shagon sayar da tsirrai za ka biya ninki uku. Matar gidan nan da na gani, hannunta duk ƙasa, tana tsaye tana yi wa kowa bayani, wannan ba ya son rana, wannan kada ka cika masa ruwa, wannan dodon koɗi na cinsa ka sa ido. Mai saye ya ga uwar tsiron da idonsa a cikin lambun minti goma da suka wuce, ya san girman da zai yi, ya san ƙasar yankin ta karɓe shi, wannan ko shago bai iya ba ka shi. Wani lokaci kuma mai gida ba ya iya samar da da yawa sai ya gayyato mai gidan rainon tsirrai na kusa ya kafa rumfa ya ba da wani kaso.

Amma fa robar nan ba tsiro kaɗai take ɗauka ba. Ƙasar da ke ciki tana iya zuwa da saiwar muguwar ciyawa wadda in ta shiga lambu sai ka shekara goma kana yaƙi, ko ƙwan ƙwari, ko cuta. Akwai wata tsutsa mai faɗi 'yar asalin New Zealand da aka fara gani a Belfast a 1963, abincinta tanar ƙasa, ta bazu a Scotland da Ireland ta Arewa kuma babbar hanyar yaɗuwarta ita ce tukwanen tsirrai da ake musaya. Ga cutar da ta addabi wata bishiya da suke kira ash tun 2012, ga wata mai ƙona ɗan itacen da suke yin shingen ado da shi. Shi ya sa hukumomin can suke da tsauri a kan safarar tsirrai, mai sayarwa ta intanet ko ta gidan waya sai da takardar shaidar lafiyar tsiro, hannu da hannu ga mai dasawa a gidansa ne aka sassauta. Sassaucin nan shi ya bar teburin dashe da rai, shi ne kuma ƙofar da ɓarna ke iya bi.

Wani abin da mutane ba sa lura da shi, dalilin da ya sa kaso mai yawa na kuɗin ke isa inda aka nufa shi ne mai gida ne ke ɗauke da asarar. Shi ya sayi taki, shi ya yi wata uku yana cire ciyawa da gwiwa, shi za a tattake wa darduma, wani ma a yanke masa reshe a saka a jaka a ɓoye, kuma wannan satar reshe sananniya ce har suna yi mata barkwanci. Ƙungiya nata shi ne inshora idan wani ya zame ya karye, da alluna, da talla, da littafi. Masu zaɓen lambunan ma 'yan sa-kai ne, kowace gunduma da nata, su za su zo su duba ko lambunka ya isa, kuma daɗaɗɗen ma'auninsu shi ne ya iya riƙe hankalin baƙo na minti 45. Ana ƙin karɓar wasu, kuma ka san yadda mutum zai ji a ce masa abin da ya shekara ashirin yana yi bai kai ba. Masu ƙananan filaye sai suka samo mafita, gida biyar ko goma a layi ɗaya ko ƙauye ɗaya su buɗe rana guda da tikiti ɗaya, irin gayya dai. Ta haka ne gidajen talakawa na cikin gari da filayen haya na noman kayan miya suka shigo, har da lambunan asibiti da na makarantu. Sannan duk wannan wahala ruwan sama na yini ɗaya ya isa ya rushe ta, ka toya kek talatin mutum goma sha biyu su zo, Ingila ce.

In ka kwatanta da yadda muke tara kuɗin taimako a gida za ka ga bambancin ba a yawan tausayi yake ba. Mu mun saba da ƙaddamar da gidauniya, a kira babban baƙo, a sanar da miliyoyinsa a lasifika, rabin alkawarin ma ba ya fitowa. Nan kuwa ba wanda ya ba da abin da zai ji a jikinsa, fam biyar ne daga mutum dubbai, kuma kowa ya tafi da wani abu a hannu ko a ciki. Ba ina cewa a kwaso a kawo ba ne, gidan Bahaushe da zaure da ba-shiga ba wurin da baƙo zai biya ya leƙa ba ne, kuma da gaskiyarmu.

Akwai suka, kuma wasu na da nauyi. Na farko, abin har yanzu yana da ƙamshin masu hali, farare, 'yan sama da shekara sittin, ranar nan ni da Alhaji mu kaɗai ne baƙar fata a wajen, ba wanda ya yi mana kallon banza, amma ka san ka fita daban. Ba abin mamaki ba ne in ka duba alƙaluman ofishin ƙididdiga na Birtaniya na 2020 lokacin kullen korona, gida ɗaya cikin takwas ba shi da lambu ko na haɗaka, a Landan ɗaya cikin biyar, kuma a Ingila baƙar fata ya fi farar fata yiwuwar rasa fili a gida kusan ninki huɗu. Wanda bai da inda zai dasa me zai yi da teburin dashe. Na biyu ya fi zafi, gidajen nan na kula da masu jiran ajali kusan kashi ɗaya cikin uku kacal na kuɗin tafiyar da su ke fitowa daga gwamnati, sauran sai shagunan gwanjo da gudun famfalaƙi da wasiyya da kek. Wasu na ganin duk lokacin da tsohuwa ta toya kek ta cike giɓin to ta sauƙaƙa wa gwamnati ci gaba da noƙewa ne. Ina ganin gaskiyarsu rabi, fam miliyan 3 a kan kasafin NHS ko ɗigo bai kai ba, ba shi zai sa minista ya canza lissafi ba, amma ga nas ɗin da aka biya wa horo ko lambun da aka gina a sashen masu raunin laka, irin waɗanda Horatio's Garden ke yi da tallafin wannan kuɗi, ba ɗigo ba ne. National Garden Scheme ma ta gane dole ta kare kanta da hujja, shi ya sa ta sa cibiyar binciken harkar lafiya ta King's Fund ta yi mata rahoto a 2016 kan alaƙar lambu da lafiya, tun daga nan take tura maganar cewa zaman cikin lambun kansa magani ne ba kuɗin kaɗai ba.

Alhaji dai da ya shigo yana mita shi ya fi ni daɗewa a teburin dashe, ya tsare matar gidan da tambaya a kan wani na'a-na'a mai ƙamshin lemo, ya saya roba biyu fam 5, ta ce masa kada ya kuskura ya dasa a ƙasa ya bar shi cikin tukunya. Bai ji ba. Da na je gidansa shekarar da ta biyo baya na'a-na'an ya cinye ɗan filin bayan kicin gaba ɗaya ya tsallaka ta ƙarƙashin shinge ya shiga na maƙwabci, Hajiya tana ta rabon ganye a leda duk Juma'a, shi kuma yana tambayata wai wa ake gani in mutum na so a sa masa allon nan mai ruwan ɗorawa.